Wasiƙun abokan hulɗarmu suna maƙalewa a matatar imel ta ofis

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana harkar kwamfuta a kan wata matsala da ta hana ni sakat a wurin aiki makonni uku ke nan.

Aikina ya dogara ne ga takardun neman biyan kuɗi da wani kamfani yake turo mana ta imel. Tun da aka tsaurara matatar saƙonnin banza a ofishinmu, wasiƙunsu ba sa shigowa akwatina, ba sa kuma faɗawa jakar saƙonnin banza da nake dubawa. Ana killace su ne a can kan sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar imel ɗin ofis, sai washegari nake samun sanarwa, wani lokaci bayan wa'adin biyan ya wuce. Na sanya adireshinsu cikin jerin amintattu, amma hakan bai tsinana komai ba.

Jami'inmu na fasaha ya ce saƙonnin ba sa tsallake binciken SPF da DKIM, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda yake iƙirari, kuma ya ƙi buɗe musu ƙofa gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba, domin irin waɗannan takardu ne 'yan damfara suka fi kwaikwaya.

Shin gyaran yana hannun masu turowa ne kaɗai, ko akwai abin da jami'inmu zai iya yi ba tare da ya raunana tsaro ba? Idan kuma daga wajensu ne, me ya kamata in rubuta musu don su gane abin da za su gyara?