Fanka tana tsayawa kafin asuba, fanel ne ko batir?

Maman Yara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidanmu babu layin wutar lantarki, da sola muke amfani. Da fitilu da cajin waya muka fara, daga baya aka ƙaro fanka da talabijin, sai ƙaramin firij. Mun ji daɗi ƙwarai, mun rabu da hayaƙin kananzir, yara suna karatu da dare ba mai ciwon ido. To yanzu kafin asuba fanka ta tsaya cak, in na sa hannu cikin firij sai in ji ɗumi. Fanel ɗin, wato farantin da ke karɓar hasken rana, shi ne ya mutu? Abin yana damuna.

Mai Gyaran Sola:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da wuya ya zama fanel. Mai kyau yakan kai shekara 25, ƙarfinsa kuma kusan rabin kashi 1 cikin 100 yake raguwa a shekara. Batir ne ya gaji. Batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi, shi kuwa firij dare da rana yake jan wuta. An zaɓi batirin daidai da buƙatar fitilu, aka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa, kullum sai ya kwana fanko. Ga zafi, shi ma yana rage masa kwana. A ina kuka ajiye shi?

Dattijo:
'Yata, abin da mai sayarwa ba ya faɗa ke nan. Wuta tana shiga gida, buƙata ta ƙaru, kuma wanda ya saba kwana da fanka ba ya iya komawa mafici. Ni kuɗin da a da nake kashewa kan kananzir da cajin waya nake warewa duk wata, don ranar da batir zai mutu. Da nawa ya mutu na koma batirin lithium. Da tsada, amma yana jure caji da saukewa sau dubbai.

Maman Yara:
Na gode Baba. Malam, batirin yana ɗan ɗakin ajiya ne, ba taga, da rana bangon har ƙona hannu yake.

Mai Gyaran Sola:
A fito da shi wuri mai iska yau ɗin nan. A goge ƙurar fanel da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, a kashe talabijin da wuri, sannan a auna batirin da yamma da kuma asuba ki turo mini abin da mita ta nuna.