Daga Sakkwato zuwa Maiduguri a jirgi, nisan nawa ne kuma akwai na kai tsaye?

Ɗan Kubwa:
Salam jama'a. Don Allah wanda ya san harkar jirgi ya taimaka min. Baffana yana Sakkwato, ana ɗaurin auren jikarsa a Maiduguri ranar Asabar mai zuwa, kuma tsohon ga ciwon baya, ba zai iya zaman mota ta Gusau zuwa Kano zuwa Potiskum zuwa Damaturu ba, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Na shiga intanet zan saya masa tikiti sai na ga duk wanda na danna sai ya biyo da shi nan Abuja tukuna. To ni dai a taswira na ga garuruwan biyu duk suna can sama kusan layi ɗaya, wai nisan nawa ne a sama, me ya sa sai an sauko da mutum ƙasa a sake hawa da shi?

Injiniya Lugbe:
Wa'alaikumus salam. In aka ja layi miƙaƙƙe daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa na Maiduguri kusan kilomita 860 ne, matuƙa jirgi da nasu ma'aunin za su ce maka mil 465 na teku. Jirgin fasinja irin wanda muke hawa zai cinye shi cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma ta Abuja lissafi ya canza, Sakkwato zuwa nan wajen 490, nan zuwa Maiduguri wajen 710, ka ga an doshi 1,200 kenan. Dalilin kuwa kasuwa ce kawai ɗan'uwa, kamfani ba zai ɗaga jirgi mai kujera sama da ɗari ba don mutum goma sha biyu, man jirgin kaɗai sai ya cinye ribar. Kowa Abuja ko Legas ya nufa, shi ya sa suka mayar da nan tasha.

Maman Ummi:
Kai ƙanena bar batun kilomita, ba shi zai wahalar da Baffa ba, jira ne. Bara cikin Disamba na bi irin hanyar nan da Hajiyarmu, hazo ya rufe gari, jirgin da aka ce ƙarfe goma bai taso ba sai bayan la'asar, muna sauka na Maiduguri ya riga ya tafi tun da rana, ga ni da tsohuwa a keken guragu ga jakunkuna uku ga robar zuma da suka hana mu shiga da ita ciki wai sai dai a auna ta da kaya. Kuma da yake kamfani biyu ne daban babu wanda ya saurare mu, sabon tikiti na saya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ɗan Kubwa:
Subhanallah, sannu Anti. To ya kike gani?

Maman Ummi:
Tunda kana gari ai Allah ya hutar da kai. Ya taso Laraba ko Alhamis, ka ɗauko shi ya kwana gidanka ya ga yara, washegari ka mayar da shi. Kada ka kuskura ka haɗa masa jirgi biyu rana ɗaya. Kuma ka faɗa musu tun wajen sayen tikiti yana buƙatar keke, kar sai an je kantar filin jirgi.

Injiniya Lugbe:
Ku fita da wuri dai, ka san go-slow ɗin hanyar airport da safe.