Amfilifayar kwalba da na haɗa tana shaƙewa a tsirkiyar E, ina matsalar take?

Ɗan Madani, Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka taɓa sa hannu a kayan kwalba, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti irin na tsofaffin rediyo, waɗanda Larabawa ke ce wa lamba.

Tun muna Wad Madani a Sudan nake kaɗa gitar bes a gidajen biki. Da yaƙi ya iso garin a Disambar 2023, gitar kaɗai na iya fitowa da ita, sauran kayan Allah ne ya san hannun da suke. Yanzu ina Jidda wurin kawuna, ina taya shi gyaran talabijin. Wata Juma'a a kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarikh na ci karo da tsohuwar amfilifayar Philips ta kiran salla, an jibge ta ƙarƙashin tulin fankoki, tsatsa ta cinye murfin. Riyal 80 na biya, mai kayan har yana mini kallon wanda aka cuta. Da na buɗe sai ga manyan kwalaben fita EL34 guda biyu da taransifoma biyu, duk da ransu.

Na kwashe komai na cikinta, na bar ƙarfen gindin da taransifomomin da EL34 ɗin. Na sa ƙananan kwalabe 12AX7 guda biyu a gaba, sababbin kondensa, diyod maimakon kwalbar da ke daidaita wuta. Babbar wutar tana zama wajen volt 430. Wata biyu ina wannan aiki bayan isha'i, hayaƙin dalma har ya sa matar kawu ta kore ni zuwa saman bene.

To ga damuwar. Tsirkiyar D da G, wallahi daɗi kamar me, sauti mai kauri, irin wanda ban taɓa samu ba a ta taransisto da na bari a gida. Amma da na ɗan ƙara murya na bugi E, tsirkiyar da ta fi kauri, a sake, sai ta yi "burrr" kamar ana yaga atamfa. Na canza kondensan da ke tsakanin matakai daga mikrofarad 0.01 zuwa 0.1 don bes ya wuce sosai, abin ya ƙara lalacewa. Ga kuma wani ƙugi da ba ya tafiya ko na cire gitar. Lasifikar inci 12 ce, a akwatin da bayansa ke buɗe. Kwalaben ne suka tsufa in sayi sababbi, ko me?

Baba Mai Rediyo, Makka

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, ka sa resista 220k mai wat 2 a kan babban kondensan, ta riƙa zuƙe wutar in ka kashe? In ba ka sa ba, ajiye wayar nan ka je ka sa. Ina da tabo a babban yatsana na dama tun ina saurayi, daga rediyon da aka cire wa fulogi tun da safe, na taɓa shi bayan la'asar. Sukudireba ya tashi ya bugi silin. In kana awo tana kunne, hannu ɗaya a aljihu. Kuma kada ka kuskura ka kunna ta babu lasifika a jone, nan take za ka iya ƙona taransifomar fita.

Kwalabenka ka bar su, ba su yi maka laifi ba. Ƙarfen cikin taransifomar fita ne ya yi maka kaɗan. Wannan akwati an yi shi ne don muryar ladan ta fita ta ƙahon da ke kan hasumiya, ba wanda ya yi tunanin bes a lokacin, hasali ma da gangan suke rage shi don kada ƙahon ya fashe. Ƙananan kondensan nan da ka cire, masu gadi ne, ga shi ka sallame su. E ɗinka tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ta gita ta yau da kullum sau 82. Duk lokacin da kaɗawa ta ragu da rabi, ƙarfen taransifoma yana ƙoshi da rabin volt ɗin da yake ɗauka a da, rabin volt kuwa rubu'in wat ne. Wato taransifomar da ke ba ka wat 40 cikin kwanciyar hankali a 82, a 41 goma za ta ba ka, ragowar sai yagar atamfar da kake ji.

Kada ka yarda da maganata haka kawai, gwada. Cire lasifika, sa resista om 8 babba mai jure zafi a madadinta. Sauke manhajar da ke fitar da sauti tsantsa a waya, ba ta sauti mai kaɗawa sau 400 a daƙiƙa, ƙara har ta kai iyakarta, auna volt a kan resistar. Sannan ba ta 41. Za ka ji taransifomar da kanta ta fara waƙa tun ba a je ko'ina ba, to a nan ka karanta mita. Volt sau volt, raba da takwas, wat ɗinka ke nan.

Akwatin ma da nasa laifin. Mai buɗaɗɗen baya ba ya riƙe takardar lasifika a ƙasa, sai ta yi ta fifita a banza. Dubi amfilifayar nan Fender Bassman, don bes aka yi shi, amma na ƙarshen shekarun 1950 mai lasifika huɗu 'yan inci 10 da buɗaɗɗen baya, masu gita ne suka ƙwace shi, har Marshall ya kwafe shi a 1962. Ampeg B-15 kuwa da ya fito a 1960, wat ɗinsa bai wuce 25 zuwa 30 ba, 6L6 biyu kacal, amma inci 15 ce a akwatin da aka yi wa lissafi, shi ya sa ɗakunan ɗaukar sauti suka riƙe shi. Ka nemo katako mai kauri ka rufe bayan nan.

Abu Organ, Kassala

Ya zol, sannu da hijira, Allah ya mai da mu gidajenmu lafiya. Duk abin da Baba ya faɗa haka ne, amma ni tambayata daban: a ina za ka kaɗa ta? In a ɗaki ce, madalla. In kuwa istiraha, wato gidan biki, za ka shiga da ita, ga mai ganga ga organ ga mata na guɗa, wat 40 ko da ƙarfen jirgin ƙasa ka naɗa mata ba za a ji ka ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙara maka, kunne da ƙyar yake lura. Ba a banza Ampeg suka yi SVT a 1969 ba, wat 300, kwalaben fita shida, amfilifayar kaɗai ban da akwatin lasifika ta kusa kilo 40. Wa zai hau maka bene da wannan a zafin Jidda?

Ni da ni ne, 12AX7 ɗin gaba zan bari, in fitar da waya daga nan zuwa miksa ko ƙaramar amfilifayar zamani mai wat 500 da ake ɗauka da hannu ɗaya. Rabin daɗin da kake ji daga gaban yake fitowa.

Maganar ƙugi, gitarka ma mita ce. Wutar Saudiyya sau 60 take kaɗawa a daƙiƙa, ba 50 irin tamu ba. Danna tsirkiyar A a gaɓa ta ɗaya, sannan ta biyu. In ƙugin ya faɗo tsakaninsu, daga wayoyin da ke ɗumama kwalabe yake, ko taransifomar wuta na hura wa 'yar'uwarta. In ya fi haka siriri, wajen gaɓa ta uku zuwa ta huɗu a tsirkiyar G, 120 ne, kondensan tace wuta ko wayar ƙasa za ka bincika.

Baba Mai Rediyo, Makka

Abu Organ, rabin daɗi ka ce, to ɗaya rabin fa? Yaron nan bai ce biki zai je ba. Yadda EL34 ke lanƙwasa sauti in an matsa mata, ba ka samunsa a miksa. Amma dabarar gaɓar nan ta burge ni, shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa jin ta ba, da yake ni ba makaɗi ba ne.

Ɗan Madani, Jidda

Baba, Allah ya ƙara girma. Resistar zuƙe wuta ban sa ba wallahi, na sa ta a daren da na karanta saƙonku. Na yi gwajin jiya. A 400 na samu volt 17, wato wat 36. A 41 ko tara ban cika ba taransifomar ta fara zizar nan da kuka faɗa, har kawu ya leƙo yana tambaya ko ƙudan zuma ne suka shigo shago. Ƙasa da wat goma ke nan. Na mayar da kondensan zuwa 0.022, ta rage haushi.

Yaya Abu Organ, ƙugin ya faɗo daidai tsakanin gaɓa ta ɗaya da ta biyu a A. Da na duba, wayoyin volt 6.3 masu ɗumama kwalabe na shimfiɗa su miƙe sambal kusa da ƙafar shiga ta 12AX7 ta farko. Na tufke su kamar igiyar guga, na kwantar da su a kusurwa, na sa resista om 100 guda biyu zuwa ƙasa. Yanzu sai na kanga kunne nake jin sa. Biki kuwa ba yanzu ba, iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ba ta makaɗi ba ce. Wayar miksa dai zan fitar, ba ta cin komai.

Saura ƙarfe. Akwai wani mai naɗin injin famfo a layinmu da ya ce zai naɗa mini. Ina da taransifomar tsohon obin na mikrowef, babba ce, ta yi?

Baba Mai Rediyo, Makka

Ta mikrowef a'a. An yi mata walda, kuma an ƙera ta ne ta yi aiki a bakin ƙoshi na 'yan mintuna. Nemi ƙarfen tsohuwar sitabilaiza, mai siraran faranti da ake zarewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kusa ninka na Philips ɗin a kauri.

Mai naɗin famfo zai so ya zuba maka wayar farko gaba ɗaya, ya ɗora ta biyu a kai, ya karɓi kuɗinsa. Kada ka bari. A raba ta farko kashi huɗu, a cusa ta biyu a tsakankaninsu, da takardar kariya mai kyau a kowane hawa, in ba haka ba bes zai zo amma saman sautin ya dushe. EL34 biyu suna son ganin wajen om 3,400, lasifikarka 8, wato kowane zagaye ɗaya na waya ta biyu yana da kusan 20 da rabi na ta farko, da reshe a tsakiya daidai. Farantan kuma a saka su a sarƙe, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ba a barin rata.

In ka samo ƙarfen, auna mini faɗin harshen tsakiya da kaurin jerin da santimita, zan lissafa maka yawan zagayen. In kuma za ka shigo Umra kafin nan, taho da shi a jaka, ina da ragowar wayar tagulla mai lamba 0.25 da ta daɗe tana jiran mai ita.