Shawarwarin da aka bayar kan tara kuɗin tunawa

A wata hira da aka yi kan tara kuɗin tunawa, irin takardun kuɗin da ake bugawa don tunawa da wani muhimmin abu, kusan kowa ya yarda cewa mai son farawa ya fara da na gida, wato naira hamsin ta 2010 da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya fitar don cikar Najeriya shekara 50 da samun 'yanci, sai naira ɗari ta 2014 ta cika shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu. Ita ɗarin nan aka fi daɗewa a kanta, Awolowo yana nan a gaba amma a baya an cire dutsen Zuma an sa masu rawar gargajiya da lambar QR, sannan ajamin ma an cire an rubuta Naira Dari da boko, abin da har yau wasu ba su huce ba. Wani ya ce in kana da ɗan uwa a Kumasi ya nemo maka sidi biyar ta Ghana ta 2017 mai hoton Aggrey, wani fitaccen malamin ƙasar.

Maganar daraja kuwa kar ka sa rai da yawa, an buga su da yawan gaske, wadda ta sha hannu a kasuwa ta yi laushi kuɗinta bai wuce abin da aka rubuta a jiki ba. Sabuwa dal da ba a taɓa ninkewa ba ita ake nema, musamman in lambar siriyal, wato lambar da ke jikin kowace takarda, ƙarama ce ko ta jeru.

Kar a goge da dutsen guga, kar a yi laminatin, wannan kam kashe takardar ne gaba ɗaya. A sa a leda ta musamman a ajiye inda ba danshi ba rana.