"Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba": ta dace da mai ba da shaidar bangaskiya?

Uwar Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa. A wajen nazarin Littafi Mai Tsarki muna kan Markus 12:31, inda Yesu ya ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Wani ɗan'uwa ya ce babu ƙaunar da ta wuce ka gaya wa maƙwabcinka labarin Almasihu, in kuwa ya ji haushi sai ka tuna masa cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wata 'yar'uwa ta ce sam karin maganar ba ta shiga nan ba. Muka tashi ba mu daidaita ba. Masu sani, ku warware mini.

Malamin Hausa:
Mama, mu fara ganin hoton da ke cikin maganar. Mutum ne ya ɗauko kaya a ka, gammo ya zame, igiya ta saki, ƙullin ya karkata gefe guda. Shi ba ya ganin saman kansa, na bayansa ne ke gani, sai ya ce masa, "Malam, gyara kayanka." Mai kaya kuwa yana iya tsarguwa, ya ɗauka so ake ya sauke a sami abin ɗiba. Shi ne mai magana yake wanke kansa: ban ce ka sauke mu raba ba.

Abu biyu ke ciki. Kaya na mai kaya ne, shi zai gyara ko ya ƙi. Mai magana kuma ba shi da rabo a ciki. Amma a lura, karin maganar ba ta ce duk wanda ya ce "gyara" ya gani daidai ba. Niyyarsa kawai take karewa.

Ɗan Mawaƙa:
To ai Malam ka gama magana! Ni ina tare da ɗan'uwan nan. Ku duba 2 Sarakuna sura 7. Yunwa ta gallabi Samariya, kutare huɗu suka fita zuwa sansanin Suriyawa, suka tarar sojoji sun gudu sun bar komai. Suka ci, suka sha, suka ɓoye azurfa da zinariya. Can sai suka ce wa juna ba su kyauta ba, rana ce ta albishir ga shi sun yi shiru. Suka koma suka gaya wa masu tsaron ƙofar birni. Wanda ya sami abin da ya ba shi rai ya rufe baki, ina ƙaunar take? Ka gaisa da mutum shekara da shekaru, ku yi hirar komai, amma abin da ya fi komai daraja a wurinka ka ɓoye masa, wannan ladabi ne ko rowa?

'Yar Jinya:
Ɗan'uwa, labarin da ka kawo ni yake goyon baya. Kutaren nan ba su je sun ce wa mutanen birni "ku gyara" ba. Cewa suka yi ga abin da muka tarar, ku zo. Matsalata da karin maganar ke nan. Da zarar ka ce gyara kayanka, ka riga ka yanke hukunci cewa nasa a karkace suke, naka kuma daidai. Mutum kuwa bai ɗauki addininsa kamar ƙullin kaya ba. A ciki aka haife shi, a ciki aka binne iyayensa. Ka fara da "gyara", kunnensa ya toshe kafin ka kai ga sunan Yesu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, Ubangiji ma ya yi maganar gungumen da ke idonka a Matiyu 7.

Da Filibus ya ba Nata'ala labarin Yesu Banazare, Nata'ala ya ce anya wani abin kirki zai iya fitowa daga Nazarat, Filibus bai ja gardama da shi ba. "Zo ka gani" kawai ya ce.

Maƙwabcinku:
Ku yi mini izini in sa baki, ni Musulmi ne, amma ni ne maƙwabcin da kuke magana a kansa. A wurina rabin farko na karin maganar ba ya damuna. Duk wanda ya yarda da abu da gaske zai so wani ya yarda da shi, mu ma muna da'awa. Rabi na biyu ne ake faɗuwa.

Na yi aiki da Kiristoci biyu a wuri ɗaya. Na farko ya ja ni a jiki sosai, kullum gaisuwa, kullum tambayar yara. Ranar da na gaya masa a fili cewa ina nan kan addinina, daga ranar gaisuwar ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Sai na gane ashe don tuwon gobe ake wanke tukunya. Na biyu sau ɗaya ya zauna ya gaya mini abin da Yesu yake a wurinsa, na saurara, na faɗi nawa, muka tashi. Bayan wata da watanni mahaifina ya kwanta a asibiti, mutumin nan ya zo ya karɓe ni kwana, ya zauna a kujerar roba har asuba yana kallon ledar ƙarin ruwa kada ta ƙare ba a sani ba, ni kuma na sami barci. Bai ɗaga maganar addini ba ko sau ɗaya a daren. Har yau ban canja addini ba, shi ma bai canja mini fuska ba. Shi kam in ya ce ba sauke mu raba ba ne, zan yarda.

A wajenmu aya ta 256 a Suratul Baƙara ta ce babu tilas a addini. Wannan awon da na auna su da shi, da shi nake auna masu da'awarmu.

Dattijo:
Malam, Allah ya saka da alheri, ka faɗi abin da ya kamata mu ji daga bakin maƙwabci.

'Ya'yana, ku tambayi kanku: mene ne "rabon" da mai wa'azi zai iya nema? Ba kuɗi kaɗai ba ne. Akwai mai neman a ce ta hannunsa wane ya tuba. Akwai mai son kujerun majami'arsu su cika. Akwai mai son cin gardama, ya koma gida yana jin daɗin ya ƙure wani. Akwai kuma wanda lamirinsa kawai yake son saukewa, ya jefa maganar ya wuce, ko an ji ko ba a ji ba. Duk waɗannan sauke mu raba ne, ko da bakinsu yana cewa ba haka ba.

Da masanin Attaura ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa a Luka 10, amsar da ya samu labari ce. Mutum ya faɗa hannun 'yan fashi a hanyar da ta gangara daga Urushalima zuwa Yariko, tafiyar wajen kilomita 27. Firist ya ratse, Balawe ya ratse. Basamariye, wanda Yahudawa ba sa shiri da mutanensa, shi ya tsaya, ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, kashegari ya ba mai masaukin dinari biyu, ladan ƙwadagon kwana biyu ke nan a zamanin, ya ce abin da ya ƙaru zai biya in ya dawo. Ba a ce ya sa wa mai raunin wani sharaɗi ba. Haka Yesu da kansa ya warkar da kutare goma a Luka 17, ɗaya tak ya dawo ya yi godiya, bai kuwa janye warkarwar sauran taran ba. Mai arzikin nan na Markus 10, an rubuta cewa Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, ya gaya masa gaskiya mai nauyi, mutumin ya tafi da baƙin ciki, Yesu ya bar shi ya tafi.

Ba ra'ayina ni kaɗai ba ne. A shekarar 2011 Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, da ofishin Fadar Paparoma mai kula da tattaunawa da sauran addinai, da ƙungiyar 'yan bishara ta duniya, sun fitar da takarda ɗaya tare kan yadda Kirista zai ba da shaida a cikin mutane masu addinai dabam-dabam. Sun ce ba da shaida gata ne kuma farin ciki ne, amma amfani da talaucin mutum ko jawo shi da kuɗi da kyaututtuka ba shi da gurbi a aikin bishara. Ba kasafai waɗannan ɓangarori uku suke sa hannu a takarda guda ba.

Ɗan Mawaƙa:
Baba, na karɓa da hannu biyu. Tsorona ɗaya ne: kada mu fake da wannan mu yi shiru gaba ɗaya. Da yawa cikinmu ba tawali'u ne ya rufe mana baki ba, kunya ce da gudun ɓacin rai. Sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar allolin Romawa, ya rubuta wa wani babban firist nasa wajen shekara ta 362 yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba Kirista ba. Ya san ko su wane ne, ya san da sunan wa suke yi, domin ba su ɓoye ba. Ko abokin aikin Malam na biyu ai ya yi magana kafin ya kwana a asibiti. Bulus ya ce wa Tasalonikawa sun ji daɗin ba su bisharar Allah, har da rayukansu ma. Biyun ya haɗa, bai ajiye ɗaya ba.

'Yar Jinya:
Ban ce a yi shiru ba, ɗan'uwa. Lokaci da wuri nake magana. A aikina mutum yana kwance, allurarsa a hannuna, ko juyawa ba ya iya yi sai na taimaka masa. In na fara masa wa'azi a wannan hali zai ce "to" don yana tsoron kada in yi fushi in bar shi. Wannan "to" ɗin ba tasa ba ce. Amma an sha tambayata, musamman da tsakar dare in ɗaki ya yi tsit, "Ke me ya sa ba kya ƙyamar wannan aiki?" A nan nake faɗa, ba na rage komai, har sunan Yesu. Abin da 1 Bitrus 3:15 ya ce ke nan, ku kasance a shirye ku ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenku, amma da tawali'u da bangirma.

Ɗan Mawaƙa:
In kuma bai taɓa tambaya ba fa? Matar nan ta bakin rijiya a Yahaya 4 ba ita ta fara ba, Yesu ne ya fara.

'Yar Jinya:
Ya fara, amma da roƙo ya fara: "Ba ni ruwa in sha." Shi ne mai bukata a farkon hirar, guga a hannunta yake.

Malamin Hausa:
Bari in ƙara abu ɗaya ta fuskar amfani, don shi Mama ta tambaya. Ba a buɗe zance da wannan karin magana. Bayan an ba da shawara an ga fuska ta canja ake kawo ta, don a kwantar da zargi. Kuma tana da kaifi. Tsara yana faɗa wa tsara, babba yana faɗa wa yaro, amma yaro ya faɗa wa dattijo sai a ce ya yi rashin kunya. Saboda haka ɗan'uwan da ya ce in maƙwabci ya ji haushi a jefa masa ita, ina ganin ya ɗauke ta daga inda take aiki ya kai ta inda za ta ƙara wuta. Mutumin da ya ji an taɓa addininsa, ka bi shi da karin magana, ya ji kamar ka ce masa mai tsarguwa.

Inda na ga ta dace shi ne mai ba da shaida ya faɗa wa kansa ita kafin ya fita daga gida. In kuwa wadda za a yi aiki da ita tsakani da maƙwabci ake nema, ni zan ba da "zumunta a ƙafa take".

Dattijo:
Haka ne Malam. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka nemi a sauko da wuta daga sama, ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Yana cikin Luka 9. Almajiran ya tsawata wa, mutanen ƙauyen bai ce musu komai ba.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, zan kai wa 'yan ajinmu duka. Saura ɗaya, kuma Malam Maƙwabci nake so ya amsa in ba damuwa. Ina da maƙwabciya da muke shiri sosai, na taɓa gaya mata bangaskiyata, ta ce ta gode amma a bar maganar. In sake ɗagawa wata rana, ko in bari sai ta tambaya?

Maƙwabcinku:
Mama, tunda ta ce a bari, ki bari. Ta riga ta san inda kike, ta san ƙofarki. In ta tashi tambaya ba wurin baƙo za ta je ba. Addu'a kuma tsakaninki da Allah ce, ba wanda zai hana ki, ni ma ina yi wa abokina tawa.

Ɗan Mawaƙa:
Na yarda kada a matsa mata. Amma ni ban ɗauki "a bari" ta yau a matsayin ta har abada ba. In shekaru suka wuce, wani abu ya faru a rayuwarta ko a taki, kina iya neman izininta, ki ce ko za ta so ki gaya mata abin da ya riƙe ki a lokacin. In ta ce a'a, ki karɓa kamar yadda kika karɓa da fari. Baba, ko na yi nisa?

Dattijo:
Ba ka yi nisa ba, muddin neman izinin na gaske ne. Amma Uwar Biyu ce ta san maƙwabciyarta, mu ba mu san ta ba.