Neman kalmar Hausa don halin Spock kafin ranar Alhamis

Mai gabatar da shiri, Fagge: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis zan gabatar da shiri a rediyo kan finafinan ƙagaggen labarin kimiyya, kuma kalma ɗaya ta tsayar da ni. Zan yi magana ne a kan Spock na shirin talabijin Star Trek, wanda aka fara nunawa a Amurka a 1966, Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa. A labarin, mahaifinsa Sarek ɗan wata duniya ne mai suna Vulcan, mahaifiyarsa Amanda kuwa 'yar Adam ce. Mutanen Vulcan suna jin so da fushi fiye da mu, amma tun zamanin malaminsu Surak suka mayar da hana zuciya motsi tarbiyya, har ta kai Spock yana iya son mace ya ƙi amsa wa kansa cewa yana sonta. Turawa suna cewa "emotional repression". Me zan ce wa mai sauraro?

Malamin Hausa, Gwale: Wa alaikumus salam, Malama. Kawaici ya wadatar, ko kuma zurfin ciki.

Hajiya, Yakasai: 'Yata, ni fulako zan ce. Ranar da ɗan farin kakata ya dawo daga aikin Hajji, gida ya cika da guɗa, ita kuwa tana zaune a ƙofar ɗaki tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba, amma da idona na ga hannunta yana rawa a kan rariyar. So yana nan, baki ne ya ƙi faɗa.

Ɗalibin nazarin harshe, Rijiyar Zaki: Hajiya, a yi mini afuwa, fulako aro ne daga pulaaku na Fulfulde, kuma bai dace duk lokacin da muka rasa kalma mu tafi maƙwabta ba. Na daɗe ina ba da shawarar "taushezuci", daga taushe da zuci, bisa tsarin haɗa kalmomi biyu da ya ba mu "farinciki". Hausa tana da ƙarfin haifar da kalmominta.

Malamin Hausa, Gwale: Ɗana, idan aro laifi ne, sai ka ajiye "hankali" da "lokaci" da "littafi", domin duk daga Larabci suka zo. Fulako ya zauna a bakin Kanawa tun kafin a haifi kakanninmu. Taushezuci kuwa babu mai jin sa a Kurmi ko Kantin Kwari ya gane ba tare da an yi masa bayani ba.

Ɗalibin nazarin harshe, Rijiyar Zaki: Malam, kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. Abin da ke damuna shi ne muna karɓar ƙirar Bature hannu bibbiyu, ta ɗan gida kuma mu raina.

Mai gabatar da shiri, Fagge: Ina roƙon mu koma kan batu. Kakar Hajiya ta san tana son ɗanta, mutane kawai ta ɓoye wa, kuma mai kawaici da mai zurfin ciki ma haka suke. Spock kuwa zuciyarsa yake yaƙa. A kashin "Amok Time" na 1967 an nuna pon farr, halin da ke zuwar wa namijin Vulcan duk shekara bakwai, inda abin da ya tara yake ɓallewa har ya iya halaka shi idan bai koma ga matar da aka yi masa baiko da ita ba, wato T'Pring. Ina son kalmar da za ta nuna ƙarfin da ake sawa, da kuma haɗarin ɓallewar.

Hajiya, Yakasai: To, danne zuciya ke nan. Abin da aka danne bai mutu ba, yana ƙasa yana neman hanya.

Malamin Hausa, Gwale: Na yarda, sai dai a kula cewa a wurinmu danne zuciya yabo ne, a kan mai fushi ake cewa ya danne zuciyarsa ya yi haƙuri, ba kasafai ake haɗa shi da soyayya ba. Ki faɗa a farkon shiri cewa har soyayya Spock yake dannewa.

Ɗalibin nazarin harshe, Rijiyar Zaki: Ban gamsu ba, amma ya fi fulako. Zan ci gaba da amfani da tawa a rubutuna.

Mai gabatar da shiri, Fagge: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan yi amfani da danne zuciya, in ajiye kawaici don yadda Spock yake yi da ma'aikaciyar jinya Christine Chapel, wadda take sonsa a labarin. Pon farr kuwa zan bar shi da sunansa, in yi bayaninsa da kalmomin da iyaye za su iya ji tare da 'ya'yansu.