Helikwafta ta sauka kusa da ƙaramin jirginmu, wa ke da laifi?

ɗan_koyo:
Salam 'yan uwa, don Allah masu aiki a filin jirgi ku taimaka min. Ina koyon tuƙi da ƙaramin jirgi Cessna 172, jiya mun dawo mun faka, ni ina zagayawa zan sa weji a taya sai ga helikwafta ta zo tana shawagi ƙasa-ƙasa ta wuce ta gabanmu, wallahi fiffiken jirgin sai da ya ɗaga, ƙofar da na bari a buɗe ta bugu, hulata kuwa har yanzu ban ganta ba. Malamina ya yi min faɗa wai ni ne ban ɗaure jirgi da wuri ba. To ni na kira ta ne?

tsohon_makanike:
Wa alaikumussalam ƙanena. Malaminka na da gaskiya, shi ma matuƙin helikwaftan bai kyauta ba. Ka gane, helikwafta ba ta tsayuwa a sama sai ta tura iska ƙasa daidai nauyinta, irin AW139 ɗin da ke kai ma'aikatan mai teku daga Fatakwal tana haura tan 6, naka kuma ko an cika shi da kyar ya wuce tan 1, to iskar nan in ta daki ƙasa ba tsayawa take ba, bazuwa take ko'ina ta shiga ƙarƙashin fiffikenka. Shi ya sa hukumar jiragen Amurka ta ce ƙaramin jirgi ya nisanci helikwafta mai shawagi da ninki 3 na faɗin farfelarta. Faɗin na AW139 mita 13.8 ne, kaga kenan sama da mita 40. Kana kashe inji ka sa weji, ka kulle sitiyari, ka rufe ƙofa, ka ɗaure, hira daga baya.

mai_ba_da_hannu:
Hular nan ita ta fi tsorata ni. Alhamdulillahi da ba ka bi ta da gudu ba, haka mutane ke faɗawa farfelar wutsiyar helikwafta don in tana juyawa ba ka ganinta sam. Ba a zuwa mata ta baya, sai dai ta gaba ko gefe inda matuƙi ke ganinka, sai ya yi maka alama kuma. Mu wahalarmu manyan baƙi ce, ga babbar riga ga hula ga 'yan rakiya kowa na son hoto, ka ce ranka ya daɗe a riƙe hula, a harare ka.

tsohon_makanike:
Hhh. Masu helikwafta ma fa suna shan nasu, babban jirgi in ya ƙara wuta zai fita, iskar injinsa na iya lanƙwasa farfelar helikwaftan da ba a ɗaure ba. Ga ƙurar hunturu, leda ɗaya ta isa ta ɓata inji.

ɗan_koyo:
Na gode baba. To in rubuta rahoto ne ko in bari? Kar a ce sabon shiga ya fara kai ƙara.

mai_ba_da_hannu:
Rubuta, ka sa lokaci da inda kuka faka. Kuma kar ka tashi da jirgin sai injiniya ya duba maƙalar ƙofar nan da wutsiya.